Sandar da na kafa a bayan banɗaki

Ina shekara ta biyu da fara koyon wayarin, maigidana ya fara tura ni aiki ni kaɗai. Masu wani gida sun kawo kuka cewa famfon wanka yana jan mutane, musamman idan an kunna hitar ruwa. Da na isa na ɗora testa a jikin hitar, sai ta kawo haske. Nan take na yanke hukunci: wayar ƙasa ce ba ta da ƙarfi. Na samo sandar jan ƙarfe na kafa a bayan banɗakin, na zuba gawayi da gishiri kamar yadda na ga ana yi, na kwarara ruwa, na ja waya zuwa jikin hitar na ɗaure. Na taɓa famfon da bayan hannu, na ji shiru. Na tafi ina jin kaina gwani.

Bayan mako uku aka sake kira.

Wannan karon tare da maigidana muka je, kuma bai ce mini uffan ba a hanya. Ya fito da mitar gwajin ƙasa, ya kafa ƙananan sandunanta biyu a nesa, ya auna sandar tawa. Turjiyarta, wato yadda take tare wa wuta hanya, ta kusa om 100 a ma'aunin turjiya, domin ruwan da na zuba ya daɗe da bushewa. Sai ya dube ni ya ce, "Kai, bolt 230 na wutar gida a raba da om 100, nawa ke nan?" Na ce, "Biyu da ɗigo uku ne, Oga." Ya nuna mini birekar hitar, na'urar da take yanke layi idan wuta ta yi yawa, mai amfiya 16 (ma'aunin yawan wutar da ke kwarara), ya ce in faɗa masa yadda amfiya 2.3 za ta sa ta faɗi. Na yi shiru.

Lissafin nan ne ya warware mini kuskuren da nake ɗauke da shi tun ranar da na fara riƙe filaya. Ni a tunanina ƙasa rami ce da take shanye wuta, ko mene ne ya ɓaci, idan ka ba shi hanyar shiga ƙasa ka gama. Ashe wuta ba ƙasa take nema ba. Inda ta fito take son komawa, wato taransifoma, kuma duk hanyar da ta samu za ta bi: waya, bututun ruwa, jiƙaƙƙen daɓe, jikin mutum. Aikin wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, shi ne ta ba wutar da ta kauce hanya mai sauƙi sosai, ta yadda za ta kwarara da yawa a lokaci ɗaya har bireka ta yanke layin kafin wani ya kai hannu. Bireka nau'in B tana faɗuwa nan take ne idan wutar ta kai ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta a jikinta. Mai amfiya 16 ke nan sai an ba ta 80 kafin a tabbata, kuma ba za a samu 80 ba sai turjiyar hanyar gaba ɗaya, zuwa da dawowa, ba ta kai om 3 ba. Ina om 3, ina om 100?

Shi kuwa jikin mutum ba ya jiran amfiya ko ɗaya. Kusan miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, ake fara jin tsikari. Wajen 10 hannu yana iya damƙewa ya ƙi saki. Idan ta haura 30 ta ɗan jima tana ratsa ƙirji, bugun zuciya na iya rikicewa. Mutum a jiƙe, ƙafa ba takalmi, turjiyar jikinsa tana iya sauka zuwa wajen om 1,000, wanda a bolt 230 ya ba da miliamfiya 230. Ranar na fahimci cewa mako uku mutanen gidan nan suna wanka a bakin kabari, da sa hannuna.

Da muka bi layin, laifi uku muka tarar. Ƙarfen da yake dafa ruwa a cikin hitar ya tsage, yana yoyon wuta. Wayar ƙasa da ta taso daga akwatin rarraba wuta ta katse a wani ƙaramin akwati cikin silin, wani ya murɗe ta da hannu kawai, tsatsa ta cinye. Sannan babu RCD, na'urar da take yanke wuta idan ta yi yoyo, ko ɗaya a gidan. Ita RCD ba ruwanta da yawan wutar da ake sha. Tana kwatanta abin da ya fita ta layif, wayar da take kawo wuta, da abin da ya dawo ta nutural, wayar da take mayar da ita, idan bambancin ya kai miliamfiya 30 sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. A gidan da kariyarsa ta dogara da sandarsa kaɗai, tsarin da ake kira TT, kusan ba makawa sai da ita, domin da wuya sanda ta sauko da turjiya zuwa inda bireka za ta yi aiki. A tsarin TN kuwa akwai waya da take komawa har taransifoma, shi ya sa bireka take iya wadatarwa a wasu layukan. Ƙa'idar wayarin ta ƙasa da ƙasa, IEC 60364, ta ba layukan soket masu bolt 230 daƙiƙa 0.4 su yanke a TN, 0.2 a TT. Da can lambobin nan haddar jarrabawa ce kawai a wurina.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna shi ne ɗaure ƙarafan gida wuri ɗaya. Maigida ya fara da tsuntsu: me ya sa yake sauka a kan wayar wuta tsirara ba abin da ya same shi? Saboda ƙafafunsa biyu a matsi ɗaya suke, wato bolt ɗaya. Abin da yake kisa shi ne bambanci tsakanin wurare biyu da jiki ya taɓa. Mai wanka hannunsa ɗaya a famfon ruwan zafi, ɗayan a na sanyi, ƙafarsa kusa da magudanar ƙarfe. Idan ɗaya ya ɗauki wuta sauran suna sifiri, shi ne ya zama gada. Idan kuwa an haɗa su da waya mai kauri, tare za su tashi, tare za su sauka, abin da zai ratsa shi ya ragu ƙwarai. Shi ya sa ake ɗaure bututun ruwa na ƙarfe, da na gas, da ƙarfen ginin kansa, tun daga inda suka shigo, a kai su babbar mahaɗar ƙasa da wayar jan ƙarfe da ba ta gaza sikwaya milimita 6 ba.

A nan ne na ga sandar tawa ba rashin amfani kaɗai ta yi ba. Na ƙirƙiro ƙasa ta biyu a gida ɗaya, wadda ba ta san da ta farko ba, kuma ƙasa biyu da ba a haɗe suke ba bambanci ne da kansa. Amma ɗaurin ma yana da nasa tarko, wanda ban cika jin ana faɗa ba: idan ka haɗa ƙarafa alhali babu abin da zai yanke wuta, ka raba wa kowane famfo a gidan laifin hita ɗaya. Ɗauri da yankewa tare suke tafiya. Na sha ganin aikin da aka yi rabi aka bar rabi, kuma a ganina wani lokacin gara ma ba a fara ba.

Gishirin nan ma na daina. Yana saukar da turjiya na ɗan lokaci, ruwan sama ya wanke shi, ya bar sandar da maƙalarta suna ruɓewa. Sanda mai zurfi da ta kai ga damshi, ko sanduna biyu da aka ba tazara aka haɗa, sun fi shi nesa ba kusa ba. Kuma awon da aka yi da damina ba shi ne na rani ba.

Wayar ƙasa tana da wani hali da ya sa ake raina ta: ba ta ɗaukar komai sai ranar masifa. Layif ta katse, ƙwai ya mutu, a kira ka. Ita kuwa ta shekara goma a katse, firji yana sanyi, fanka tana juyawa, ba wanda ya sani. Fenti a ƙarƙashin maƙala yana iya raba ta da bututu. Mai gyaran famfo ya sa guntun roba a tsakiyar bututun ƙarfe, ɗaurin da ke can baya ya tashi a banza. Ko maɓallin gwaji da ke jikin RCD, na'urar kaɗai yake gwadawa, ba ya gaya maka ko wayar ƙasa ta isa soket. Ido ba ya ganin waɗannan, testa ma ba ta gani, bayan hannu kuwa da na yi amfani da shi wauta ce tsagwaronta.

Mun canza ƙarfen hitar, muka gyara mahaɗar silin da abin ɗauri na sukuru, muka sa RCD, muka ɗaure bututan. Da na ɗauko diga zan tone sandar, maigida ya ce in bar ta, in ja mata waya zuwa babbar mahaɗa ta zama ƙari a kan ta asali. Sannan ya miƙo mini mitar, ya ce in bi soket-soket in auna, in rubuta lambar kowanne a takarda. Soket 14 ne a gidan, uku daga ciki ba wayar ƙasa a bayansu sam.