Dutsen da ba shi da takarda

Ranar Asabar na shiga Kurmi neman awarwaro, sai wani Buzu da muka saba, mai sayar da zobba da takubba, ya yafuto ni cikin rumfarsa. Ya kwance ƙulli a bakin rawaninsa, ya ɗora mini wani dutse a tafin hannu. Bai kai ƙwan kaza girma ba, amma nauyinsa ya ba ni mamaki. Baƙi ƙirin, kamar an babbake shi, da 'yan lotsa-lotsa irin wanda yatsa ke bari a jikin tuwo.

"Malam, daga sama ya faɗo," in ji shi. Wai ƙanensa ne ya tsinto a hamada, can gaba da Agadas.

Dariya na fara yi, don kakata ma ta ajiye nata gatarin aradu a ƙarƙashin gado har ta rasu. Bai kula ni ba. Ya ciro mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, ya kara. Ya kama. Nan na gyara zama.

Duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya galibi akwai ƙarfe a jikinsu. Ba wai a hamada suka fi faɗowa ba. Ko'ina suna faɗowa, a Zagami ta ƙasar Katsina ma wani mai kilo 18 ya faɗo a 1962, daga baya aka gano daga duniyar Mars yake. Amma a nan damina ɗaya-biyu ta isa tsatsa ta fara cin dutse, ciyawa ta rufe shi. A hamada kuwa zai yi shekaru dubbai a zaune, baƙi a kan farar ƙasa, mai raƙumi ya hango shi daga nesa.

Tsintuwa ba ita ce wahalar ba. Kafin dutse ya samu suna da lamba, sai an yanki wani ɓangare, giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari idan ƙarami ne, an kai ɗakin bincike, masana sun tantance. Wanda bai bi ta nan ba, a kasuwannin Maroko irin su Erfoud awonsa ake yi a sikeli, a sayar da araha. Ya bi hannu biyar, har an manta inda aka tsince shi. Wanda ya samu takarda fa? Wani na yankin Agadas mai kusan kilo 25, da aka tsinta a 2023, an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan sama da dala miliyan 5. Sai da kuɗi suka shiga aljihun wasu sannan gwamnatin Nijar ta fara tambayar ta ina ya fita.

Abokina ya ji wannan labari a rediyo, shi ya sa idonsa ke ƙyalli. Na gaya masa gaskiya: dutsen da mayen ƙarfe ya kama yawanci na gama-gari ne, kuma ko tama ma tana kamawa. Sai an yanka za a sani.

"A yanka? Haba Malam, ya rage nauyi?"

Ya karɓe abinsa, ya mayar bakin rawani, ya ƙulle sau biyu. Awarwaron ma bai rage mini ko sisi ba.