Kalmar "mug" a bakin Turawan Ingila

Na daɗe ina nazarin kalmar "mug". A ƙamus, kofi ne mai mariƙi da ake shan shayi da shi, amma a titunan Landan, duk wanda aka kira da ita ana nufin wawa ne mai saurin yarda, wanda ɗan damfara zai yi wa romon baka ya raba shi da kuɗinsa. Wannan ma'anar tana sosa mini rai, domin zagin yana sauka ne a kan wanda aka cuta. Kalmar tana kuma nufin fuska, kuma masana suna danganta hakan da kofunan giya na ƙarni na 18 da ake ƙerawa da siffar mummunar fuskar mutum.