Mako na bakwai da tsohon lensi: zobe na juyawa, ƙofar haske ba ta motsi

'Yan'uwa masu koyo, yau mako bakwai ke nan da na kwance lensin da kyamarata ta zo da shi, na ɗaura mata wani da ya girme ni. Helios 44M-4 ne, mai milimita 58 da f/2 (lambar ƙofar haskensa idan ta buɗe gaba ɗaya), ƙirar Tarayyar Sobiyet, irin wanda ake haɗawa da kyamarorin fim na Zenit. Babu inji a cikinsa, babu waya ko guda. Zobe biyu ne kawai, ɗaya na saita hoto, ɗaya na ƙofar haske, kuma ba sa yin komai sai yatsunka sun sa su. Na shiga harkar ina zaton saita hoto da hannu ne zai ba ni wahala. Ashe zoben ƙofar haske ne zai ci mini mako uku cur.

Bari in fara da adafta, saboda wanda bai iso nan ba tukuna. Gindin wannan lensi irin na murɗawa ne da ake kira M42, faɗinsa milimita 42. Ya fara fitowa a 1949 a jikin kyamarar Contax S ta Jamus ta Gabas, daga baya Pentax da Zenit da wasu da dama suka ɗauke shi. An ƙera shi ne ta yadda kafaɗar lensin za ta zauna milimita 45.46 daga fuskar fim. Tawa kyamarar marar madubi ce mai bakin Sony E, kuma daga bakinta zuwa sensa, wato abin da ke karɓar hoto a madadin fim, milimita 18 ne kacal. Aikin adafta shi ne cike giɓin, wato milimita 27 da 'yan kai. Bututun ƙarfe ne zalla, ba gilashi a ciki. Dalilin ke nan da kyamarori marasa madubi suke karɓar kusan kowane tsohon lensi, bakinsu na kusa da sensa, akwai filin ƙari. Ranar farko ta ƙi ɗauka sam, domin a wurinta babu lensi a jiki tunda ba wayar da ta taɓa ta. Sai da na shiga jerin saituna na kunna zaɓin da ke ba ta izinin ɗauka ba tare da lensi ba.

Daga nan na yi ta ɗauka ina murna. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Ko na sa zoben a kan 8, ko 11, bayan hoton yana narkewa kamar yadda yake yi a kan 2, alhali babbar lamba na nufin ƙofar ta tsuke, bayan kuma ya ƙara fitowa. Wata rana na jera littattafai biyar a kan tebur, kowanne ya ɗan ja baya da na gabansa, na saita a kan na biyu, na juya zobe zuwa 11, na ɗauka. Na biyun ya fito tar, sauran huɗun dishi-dishi, ko sunan da ke jikinsu ba ya karantuwa. Na zargi idona, na zargi rawar hannu, har na fara tunanin ko gilashin ya lalace.

Lambar saurin shota ce ta tona asirin. Kyamarar tana kan A, inda ita ke zaɓar saurin shota gwargwadon hasken da ke shiga, na ɗaure ISO, wato ƙarfin karɓar hasken sensa, a 200, tana nuna mini 1/1000 na daƙiƙa a kan f/2. Na juya zobe zuwa 8, lambar ba ta gusa ba. Ku kuma kun san lissafin: 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kowane taki yana raba hasken biyu. Taki huɗu ke nan, hasken da ke shiga ya kamata ya koma kashi ɗaya cikin 16, shota kuma ta sauko wajen 1/60. Tunda ba ta sauko ba, hasken bai ragu ba, ƙofar kuma ba ta rufu ba.

Na kwance lensin, na ɗaga shi ta wajen taga ina leƙawa ta ciki. Ina juya zobe yana ƙas, ƙas, ƙas, ramin yana nan wangame, ko gezau. Na juyo da gindinsa sama, sai ga wani ɗan tsinken ƙarfe ya leƙo kusa da gilashin baya, bai kai kan ashana girma ba. Na danna shi da farcen babban yatsa. Nan take ganyayyakin ƙarfe suka zamo daga gefe suka haɗu, ramin ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi. Na saki, suka koma. Na danna na saki ya fi sau goma ina kallo. Gani ya kori ji, duk bayanin da na karanta a baya bai shige ni ba sai a wannan lokacin.

Ga yadda abin yake. A kyamarar fim mai madubi, ta cikin lensin kake kallo, saboda haka aka bar shi a buɗe kullum don idonka ya sami haske ka saita. Zoben yana faɗa wa lensin iya inda zai rufe ne kawai. Sai ka danna shota, wani ɗan faranti a cikin kyamarar ya tura tsinken, ƙofar ta rufe, a ɗauka, ta sake buɗewa. Kyamarar zamani ba ta da wannan faranti. Adaftar da na fara saya kuma cikinta sumul ne, ba abin da ke taɓa tsinken. Mako uku ke nan duk hoton da na ɗauka a kan f/2 yake, ko me zoben ya nuna. Na sami wata adaftar mai ɗan leɓe a ciki, wanda ke danne tsinken da zarar an murɗa lensin har ƙarshe, magana ta ƙare.

Kafin ku sayi adafta, ku juya gindin lensinku ku duba. Super-Takumar na Asahi Pentax da Helios 44M na farko suna da ɗan makunni a gefe, a tura shi ɓangaren aikin hannu, ƙofar ta bi zobe kai tsaye. Helios 44-2 ba shi da tsinke ma, zobe biyu gare shi na ƙofar haske, ɗaya ka kafa iyaka, ɗaya ka murza ya buɗe ko ya rufe zuwa iyakar. Na Canon FD sai adafta mai nata zoben da ke kama sandar da ke bayan lensin. Tsofaffin Nikkor na Nikon masu zobe da kansu suke rufewa idan ba a jikin kyamara suke ba, don haka ba su da rigima, amma na jerin G ba su da zoben ma gaba ɗaya. Na ji wasu suna buɗe lensi su toshe tsinken ko su liƙe shi da gam. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da ya shekara arba'in lafiya lau bai kamata ya nakasa a hannuna saboda ƙyashin sayen adaftar da ta dace ba.

Da ƙofar ta fara aiki, sai wata matsalar ta taso. Allon kyamara marar madubi yana ƙara wa kansa haske, ko ka rufe zuwa 8 za ka ga komai garau, ka manta a rufe kake. Jan layin nan da kyamara ke zanawa a gefen abin da ya saitu kuwa, a kan 8 sai ya mamaye rabin hoton, ka rasa takamaimai inda saitin ya faɗa. Tsarin da na zauna a kai yanzu shi ne in buɗe zuwa 2, in zuƙo wurin da nake so a allo, in saita, in rufe zuwa lambar da na zaɓa, sannan in danna. Na haddace adadin ƙas-ƙas ɗin daga 2 zuwa 5.6, ba sai na ɗauke ido daga kyamara na duba zobe ba.

Na gwada wannan da ƙanwata, tana zaune kamar mita ɗaya da rabi daga gare ni. A wannan nisa, a kan f/2, wurin da ke fitowa tar bai wuce faɗin yatsu uku ba. Na zuƙo idonta na kusa, ina murza zobe a hankali, gashin idon yana haɗe kamar an shafa baƙin fenti, can sai ya rarrabu ɗaya bayan ɗaya har ina iya ƙirgawa. Na ja numfashi, ƙirjina ya ɗan matsa gaba, saitin ya koma kan kunnenta. A nan na koyi barin zoben inda yake, in riƙa matsawa gaba ko baya da jikina kaɗan-kaɗan har gashin idon ya dawo. Hoton da ya fito a ƙarshe shi ne na farko da na buga a takarda.

Sensar kyamarata ƙarama ce, irin ta APS-C, don haka milimita 58 tana ba da faɗin kallo kamar na 87 a babbar sensa, kuma rawar hannu tana fitowa fili. Ba na sauka ƙasa da 1/125 sai da abin jingina. Idan taku kyamarar tana da na'urar rage girgiza a jikinta, sai kun rubuta mata tsawon lensin da kanku, kuma 58 za ku sa, ba 87 ba. Sannan ba za ta ajiye lambar ƙofar haske a bayanan hoto ba, tunda ba ta san ta ba. Ina yawo da ɗan littafi a aljihu, ina rubuta lambar hoto da lambar zobe.

Da littafin nan na sake gwajin littattafai biyar ɗin, daga 2 har 16. A kan 2 tsakiya tana da kaifi, gefe yana da laushi. Tsakanin 4 da 5.6 nawa lensin ya fi jin daɗin aiki. A kan 16 duka biyar sun karantu, amma kaifin ya ɗan dusashe ko'ina, domin haske yana bazuwa idan ya ratsa rami ƙanƙani sosai. Jujjuyawar bayan hoto da aka san Helios da ita kaɗan nake gani, saboda a gefe take fi fitowa, ƙaramar sensa kuma tana yanke gefen.

Abin da har yanzu ya gagare ni shi ne abu mai motsi. Kyanwa ta taho tana tafiya, kafin in buɗe, in zuƙo, in saita, in rufe, ta wuce ƙafata. A mako mai zuwa zan bar zoben a kan 8, in kafa saiti a mita uku ta amfani da layukan zurfi da aka zana a jikin lensin, masu nuna iya nisan da zai fito tar, in jira ta shigo wurin da kanta.