Lambar faks ɗaya, ƴan kasuwa biyu: abin da ya same mu da munka haɗa faks da CRM

Duk wanda aka ba aikin haɗa faks da CRM, wato manhajar da kamfani ke ajiye dosiyen kilyan ɗinshi a ciki, a ƙasar nan, don Allah kafin ya taɓa kwamfuta ya buɗe jerin kilyan ɗinsu ya duba ko akwai lambar faks da ta fito a dosiye biyu. Wannan kawai. Mu babu wanda ya faɗa mana, duk bayanan da na karanta a intanet ba wanda ya taɓo zancen, kuma har yau in na tuna abin da ya biyo baya raina ɓaci yake.

Na san wasu za su ce wa ke aiki da faks yanzu bayan ga WhatsApp. To mu dai muna yi. Nan Yamai muke, muna saida injin ban ruwa da gurub da piyes ɗinsu a sari, kuma Alhaji, maigidanmu, ba ya sakin kaya bashi sai ya ga bon, wato takardar odar kaya, mai sa hannu da tambari. Hoton da aka ɗauka da waya a karkace, rabin tambarin cikin duhu, ba ya karɓa, kuma ina ganin gaskiyarshi don an taɓa kawo mai hoton bon da aka gyara adadin kaya a ciki. Ban da haka akwai masu kawo mana kaya daga Jamus da har yanzu suke so a turo musu oda ta faks, akwai wasu ofisoshi da ke cikin jihohi su ma haka. Matsalar da aka kira ni a kanta ita ce takardu na ɓacewa, injin ya fiddo takarda, iskar fanka ta ɗauke ta, ko takarda ta ƙare cikin dare, ko kontabul ya ɗauka ya sa cikin aljihun tebur ya tafi hutu. Alhaji ya ce shi abin da yake so, ya buɗe sunan mutum ya ga duk abin da ya shiga tsakaninmu da shi wuri ɗaya.

Haɗin kanshi bai ba ni wahala ba. Tsohuwar kwamfuta na sa ma Debian, wani nau'in Linux, da HylaFAX, manhajar karɓa da aika faks, modem a kan layin fikis, ondila saboda ɗaukewar wuta, CRM kuwa Dolibarr ne da dama ake aiki da shi don faktir. Faks in ya shigo HylaFAX na ajiye shi a matsayin hoto irin na TIFF, akwai wani fayil FaxDispatch da kake gaya ma abin da za a yi da shi, ni na sa ya maida shi PDF ya tura ta API, ƙofar da manhaja ke magana da wata manhaja, zuwa dosiyen kilyan. Abu ɗaya da zan ce a nan, ka nemi modem na gaske mai nashi kwakwalwa, yawancin ƙananan na USB masu araha da Windows kawai suke tafiya. In kuma layinku ta intanet yake bi to ka tabbatar akwai T.38, tsarin aika faks ta intanet, ko aƙalla G.711 da ba ya matse sauti sosai, don G.729 matse sauti yake yi faks ba ya rayuwa a kanshi, kuma ka sauke gudun faks ɗin daga 14400 zuwa 9600, shafi zai ɗan daɗe amma zai iso.

Gyaran lambobi ya fi cin lokaci. Lamba ɗaya ka same ta an rubuta da 00227, wani wuri +227, wani wuri ba komai, wani ya sa ɗigo tsakani wani ya bar fili. Na maida su duka tsarin E.164, wato alamar ƙari, lambar ƙasa, sannan lambar, ba fili ba ɗigo. Kar ka yarda ka gwada da lambobi 8 na ƙarshe kawai don Nijar da Togo da Burkina da Mali duk 8 ne, kuma tun da kayanmu sunka koma bi ta Lome muna da mutanen Togo da Burkina da yawa cikin jerin. Na Benin kuwa tun 30 ga Nuwamba 2024 an ƙara musu 01 a gaba sun koma 10, Kodibuwa ta riga su tun 2021, tsofaffin lambobin Kwatano da Abijan da ke cikin dosiye duk sai da anka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yi wannan aikin duka, jerin ya fito tsaf, ina jin daɗi, ashe ba nan matsalar take ba.

Tsarin da munka tsaida shi ne, faks ya shigo, a duba lambar da ta kira, a nemo kilyan mai wannan lambar, a sa takardar cikin dosiyenshi, sannan a maida mai amsa nan take ta faks: mun samu bon ɗinka, ga farashinka, ga abin da ya rage kanka na bashi. Wannan amsar Alhaji ya fi so cikin aikin duka don ta rage mai kiran waya, kullum mutane na kira suna tambaya nawa ake bi na.

Muna da manyan kilyan biyu a Tawa, dukansu injin ban ruwa suke saida ma masu albasa na wajen Galmi da Madawa da Tabalak, kasuwa ɗaya, masu saye ɗaya, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Babu wanda ke da injin faks cikinsu. Wani shagon fotokopi suke zuwa, irin tsofaffin telesantir ɗin nan da sunka koma buga takardu, su biya a tura musu. Lokacin da anka buɗe musu dosiye, shekaru kafin zuwana, kowane ya ba da lambar shagon a matsayin faks ɗinshi, kuma ba ƙarya sunka yi ba, nan ne ake samunsu. To wajen ƙarshen damina da aka fara shirin noman rani, ɗayansu ya turo bon. Kwamfuta ta nemi lambar, ta samu dosiye biyu, ta ɗauki na farko, wanda ba nashi ba. Ta sa bon ɗinshi a dosiyen abokin hamayyarshi, ta maida amsa da sunan wancan, da ragin da ake ma wancan, da bashin da ake bin wancan. Yaron shago ya ga takarda ta fito bayan ya tura, mutumin na tsaye gabanshi, ya miƙa mai. Mi zai yi in ba haka ba?

Mutumin ya karanta ya ga abu biyu. Na ɗaya, ana ba wancan injin ƙasa da yadda ake ba shi. Na biyu, wancan da ake gani shi ne babba a layin, miliyoyin sefa ake bin shi a Yamai. Kafin mu san mi ke faruwa zancen ya zaga kasuwa. Mu nan a ofis komai kore yake a allo, faks ya shigo, amsa ta tafi, rahoto ya ce OK. Da yamma ne wayar Alhaji ta fara ƙara, na farko, wanda ya turo bon ɗin, shina faɗa a kan farashi, ya ce shekara nawa muna tare ashe ni ne bare, na biyu kuwa ko faɗa bai yi ba, cewa ya yi Alhaji ka tona mini asiri, ya kashe waya. Wallahi wannan ta fi zafi. Duk wanda ya san kasuwa ya san ɗan kasuwa da rufin asiri yake juya kuɗi, ran da anka ji ana bin shi, masu ba shi kaya bashi sai su fara ja da baya, masu ajiya wurinshi su zo karɓa.

Alhaji ya kira ni ya ce ɗana, wannan na'urar taka ita ta aika? Na ce ranka ya daɗe ita ce, na nuna mai dosiyen biyu da lamba ɗaya. Ya daɗe shina kallo sannan ya ce a kashe amsar tun yanzu. Shi da kanshi ya hau mota zuwa Tawa, fiye da kilomita 500 ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, da shekarunshi, don irin wannan ba a gyara ta a waya. Na farko dole anka sauke mai farashi daidai da wancan, kuma ragin nan ya zauna kenan, kowane inji da zai saya daga yanzu ribarmu ta ragu. Na biyu ya haƙura a baki amma odar noman ranin shekarar wani wuri ya kai ta. Ya biya bashinshi har dala ta ƙarshe, da gaggawa ma, wanda ni a wurina alama ce ta yadda abin ya sosa mai rai.

Da na koma na bincika jerin da kyau sai na ga ba su kaɗai ba ne. A Maraɗi ma akwai lamba ɗaya a dosiye da dama, a Agadez akwai, nan Yamai ma akwai waɗanda sunka ba da faks ɗin taranzitansu, mai fitar musu da kaya a kwastan, wasu ƙungiyoyin manoma kuma lambar ofishin da ke tallafa musu. Allah ne kawai ya sa a Tawa ta fara fashewa. Waɗanda sunka rubuta bayanan da ake koyo da su, a inda suke kowane kamfani da layinshi, shi ya sa a wurinsu lamba ita ce mutum. A nan faks kamar famfon unguwa ne, kowa da bokitinshi yake zuwa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani, sunan ko lambar da ke fitowa a saman takardar faks, wadda ake ce ma TSI, ba layin waya ke ba da ita ba, mai injin ne ke rubuta ta da hannu, wuri 20 ne kawai, kuma da yawa ba su taɓa cika ta ba. Injinan da ake sayowa na hannu daga Turai wasu har yanzu lambar tsohon mai su ce a ciki, mun taɓa samun faks daga Damagaram da +33 a samanshi kamar daga Faransa ya taso. Lambar mai kira da layi ke kawowa ta fi ta gaskiya, amma ita ma in daga waje ne wani lokaci ba ta zuwa, ko ta zo a gutsure. Ko da ta zo daidai ɗin, injin ta gaya maka, ba ta gaya maka wa ke tsaye gaban injin ba.

Yanzu ga yadda muke yi. Babu faks ɗin da ke shiga dosiyen kowa kai tsaye. Duk wanda ya shigo wani akwatin jira yake faɗawa, kwamfuta ta ce ina zaton na wane ne, sakatariyarmu ta buɗe ta karanta sunan da tambarin da idonta sannan ta danna. In lambar tana cikin dosiye fiye da ɗaya, ko an yi mata alamar shago ce, zaton ma ba a yi, sai dai a jera mata sunayen ta zaɓa. Na ƙara fili a dosiye mai tambaya ɗaya, injin nan nashi ne ko na haya, kuma duk wanda ba mu tabbatar ba na haya muke ɗaukarshi. Wasu abokan aiki sun ce to ina amfanin haɗin in har mutum zai duba, na ce musu dubawar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma takarda ta daina ɓacewa, wanda dama shi ne abin da anka nema tun farko.

Mun kuma buga namu bon ɗin mun raba ma manyan kilyan, kowane da lambar dosiyenshi a sama da manyan baƙaƙe da kuma bakod. Na fara gwada QR amma bai yi ba, don faks na yau da kullum ɗigo 204 ne a kwance 98 a tsaye a kowane inci, sai hoton ya zo a dame. Bakod irin na Code 128 mai sanduna a tsaye, in ka buga shi da girma, shi ne ke isowa lafiya ana karanta shi da manhajar zbar. Karanta rubutu da Tesseract, manhajar da ke fiddo rubutu daga hoto, kuwa na bar shi don bincike kawai, ban yarda a yanke hukunci da shi ba, bon ɗinmu rabi da biro ake cika su.

Amsa ta atomatik ta dawo amma ba komai cikinta sai mun samu shafi kaza ƙarfe kaza, za mu kira ka. Ba suna, ba farashi, ba bashi. Maganar kuɗi a waya ake yinta da mutumin kanshi, ko a ba direba cikin ambulan a rufe. Kuma na sa an daina rubuta an isar a CRM in rahoton faks ya ce OK, yanzu injin ya karɓa ake rubutawa, don abin da OK ɗin ke nufi kenan, takardar na iya kwana a tiren shagon mutane kowa na wucewa shina leƙawa. Sai mutum ya tabbatar da bakinshi ake canza ta.

Kwanan nan Alhaji ya fara zancen a haɗa WhatsApp ma da dosiyen, don yawancin ƙananan kilyan can suke. Na ce to ranka ya daɗe za a yi, amma sai an bi lambobin tukuna, don na riga na duba, akwai waɗanda lambar yaron shagonsu ce a dosiye, akwai na ƙanensu, akwai ma wani direban kamyon da lambarshi ke kan dosiyen mutum uku a Ƙonni. Sakatariya ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, wayar nan a hannun wa take kwana, kuma duk dosiyen da ba a samu amsa ba ban buɗe mai komai ba tukuna.