Kwali 30 na fiya da suka ruɓe min daga ciki a azumin 2024

Tun abin da ya same ni a azumin 2024, in na ga fiyar nan ta kwali a kan tebur sai kawai in ga babban yatsana ya tafi wuyanta, ko da ba tawa ba ce. Ba fiyar da ake kawowa daga Jos ko Mambila nake nufi ba fa, mai ƙaton ƙwallo a tsakiya da nama kamar man shanu, a'a, wadda ake shigowa da ita daga Afirka ta Kudu tare da tuffa, mai siririn wuya da faɗin ƙasa. Mu a rumfarmu fiyar kwali muke ce mata don kar a rikita.

Shekarata tara ina sayar da kayan marmari a Kano, a 'Yan Lemo nake saro kaya can Na'ibawa, lemo da kankana da ayaba da abarba, mangwaro in lokacinsa ya yi. Tuffa na saba da ita, ita kam tana da haƙuri. Fiya kuwa kwali ɗaya ko biyu nake ɗauka da can, su ƙare a kwana biyu, shi ya sa ban taɓa sanin halinta ba sai da na zuba mata kuɗi da yawa.

Saura kwana uku a ɗauki azumi na je na sayi kwali 30, kowane kwali kilo 12 da rabi, rabin kuɗin na biya rabi bashi. Kayan suna cikin kol rum, wato ɗakin sanyi na ajiyar kaya. Alhajin da ya sayar min ya ce, "Ɗana, ka bar su a nan ka riƙa ɗauka biyu biyu, kuɗin ajiyar bai taka kara ya karya ba." Na ce to Baba, amma a zuciyata na riga na lissafa kuɗin kol rum na sati biyu da kuɗin a daidaita sahu na zuwa da dawowa kullum a cikin rana da azumi a baki, sai na ga ai gara in kwashe gaba ɗaya. Na samo mota na kwashe su duka 30 a rana guda. Wannan kwasar ita ce ta janyo komai, duk sauran kurakuran da na yi a kanta suka hau.

Sito na yana bayan rumfa, rufin kwano ne ba silin, kuma wanda ya san Kano a watan Maris ya san zafi na kaiwa digiri 40 da rana, cikin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. A nan nake nunar da ayaba. Na jera kwalayen a jikin ayabar, na buɗe ɗaya na taɓa, wallahi kamar dutse, ga ta kore shar. Na ce wannan ɗanya ce, zafi take so, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Sai na zare ledar da ke cikin kwalayen sama, na lulluɓe su duka da tamfol na ja ƙofa na rufe.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, shekarar da ta gabata na sayar da wani iri da ake kira Williams, wanda a Amurka suke ce wa Bartlett, shi in ya nuna yana komawa ruwan ɗorawa sosai har ƙamshi yake. Na ɗauka duk fiya haka take. Ashe wadda na kwaso, Packham's Triumph ne rubuce a jikin kwalin, ita ko ta nuna kore take zama, ɗan haske kawai take ƙarawa wanda in ba ka saba ba ba za ka lura ba. Ni ina nan ina jiran ruwan ɗorawar da ba zai zo ba. Kullum da safe in ɗaga tamfol in danna cikinta, wajen da ya fi faɗi, in ji tauri in mayar in rufe. Kwana shida ina wannan.

Ranar ta shida cikin ya fara lotsawa in an danna, na ce alhamdulillahi ta nuna, na fito da ita tebur. Kuma ta yi kyau a ido, ba tabo ba komai. A kwana biyu na sayar da kusan kwali bakwai.

Akwai wata Hajiya da ta shekara huɗu tana saye a wurina, duk azumi ni nake haɗa mata kayan buɗa baki, ranar ta ɗauki guda 24 ta ce surukanta ne za su sha ruwa a gidanta. Washegari da la'asar ta zo da kanta, ba ta aiko direba ba, ta ajiye leda a kan teburina ta ce, "Malam, yanka ɗaya ka gani." Na ɗau wuƙa na raba biyu. Bayan fes, nama na kusa da ɓawo fari, amma daga tsakiya wajen 'ya'yan ya zama ruwan ƙasa ya yi laushi kamar an dafa, ga wani wari mai tsami tsami. Na yanka ta biyu haka, ta uku haka. Ta ce, "A gaban baƙi aka yanka min wannan. Ni ban zo karɓar kuɗi ba, na zo ne in ji ko ka sani ka sayar min." Na rantse mata ban sani ba, kuma Allah shaida ban sani ba, amma ta yaya mutum zai yarda mai kaya bai san kayansa ba? Na mayar mata da kuɗinta ta ƙi karɓa, sai da na bi ta har mota na ba direban.

Daren nan bayan tarawi na kira ƙanina, shi ya karanta aikin gona a BUK. Na ce ya zo ya ga abin da aka sayar min, don a lokacin na gama yanke hukunci cewa ruɓaɓɓen kaya aka haɗa ni da shi. Ya zo ya shiga siton, ya ga tamfol ya ga ayaba ya ji hucin da ke ciki duk da dare ne, ya ce, "Yaya, kwana nawa suka yi a nan?" Na ce yau takwas. Ya yi shiru tukunna sannan ya ce ba wanda ya cuce ka.

Bayanin da ya yi min a daren nan da wanda na bi na koya daga baya shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Fiya irin ta Turai daga ciki take fara nuna ta fito waje. Wajen 'ya'yan shi ke riga yin laushi, cikin da nake dannawa kullum shi ne ƙarshen abin da zai nuna, to duk ranar da ka ji ya lotsa tsakiyar ta daɗe da wucewa. Wurin da ake dubawa shi ne wuya, dab da tsinken, ka sa babban yatsa ka danna a hankali, in ya ɗan saki to ta nuna ke nan ko da cikin na da tauri ko da tana kore. Da a kwana na uku na taɓa wuyan nan da na gane. Kwana shida ina danna inda ba shi ba.

Saboda wannan halin nata ne ma manoman ba sa barinta ta nuna a kan bishiya. A yankunan Ceres da Elgin na Afirka ta Kudu tsakanin Janairu da Maris suke tsinke ta, ta ƙosa amma da taurinta, don in an bar ta ta nuna a sama naman gari gari yake yi tsakiyar ta lalace. Wannan ɗan tsakuwa tsakuwar da kake ji a haƙori in kana cin fiya ma ba ƙasa ba ce, wasu ƙwayoyi ne masu tauri a cikin naman, sinadarin da ke sa itace tauri shi ne a jikinsu. Daga gona sai sanyi, ƙasa da sifili da kamar rabin digiri, da danshi mai yawa a iskar ɗakin, a haka take shiga kwantena ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ta hau mota zuwa Kano. A wannan sanyin kamar barci take, tana iya yin watanni. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, wasu irin sai sun sha sanyin nan ma suke iya nuna da kyau, Anjou na bukatar kusan wata biyu, Forelle mai jan kumatu da ɗigo ɗigo kuwa sati 12 ake ba ta a sanyi in ana so ta nuna da ruwa ba gari gari ba. Ita kanta bishiyar sai ta sha sanyin hunturu na ɗaruruwan awoyi take fure, shi ya sa ba ka ganinta a gonakinmu. Kayan da tun daga bishiya da sanyi aka raine shi, ni na ɗauko na cusa ƙarƙashin kwano a bazara don in tsira da kuɗin kol rum.

Nunar tata kuma a tsakanin digiri 18 zuwa 20 take yin daidai. In zafi ya wuce 30 nunar ma birkicewa take, ƙamshin ba ya fitowa daɗin ba ya zuwa, lalacewa ce kawai ke sauri. Sai ga ayaba a gefe. Ayaba mai nuna tana fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce ke gaya wa 'ya'yan itace irin su fiya da tuffa da mangwaro cewa lokaci ya yi, kuma da fiya ta shaƙa ita ma sai ta fara fitar da tata, kwali ya tada kwali, ba a iya tsayar da abin in ya kankama. Sannan tamfol. Fiya tana numfashi, tana shan iska tana fitar da wadda muke fitarwa mu ma, kuma tana cikin 'ya'yan itacen da ba sa jure taruwar wannan iskar, in ta taru tana baƙanta mata ciki. Zafi da ayaba da tamfol, duk na haɗa mata, kuma da na bar ta inda Alhaji ya ce ba ɗaya da za ta gani.

Washegari muka zauna da ƙanina da yarona muka bi sauran kwali 23 ɗaya bayan ɗaya muna taɓa wuya, muna yanka ɗaya daga kowane layi. Na ƙasa da suke kan siminti nesa da ayabar su ne da ɗan dama, muka tace abin da bai kai kwali biyar ba na karyar da shi a ranar, ina yanka wa mai saye ɗaya a gabansa ya gani kafin ya biya. Na tambayi ƙanina ko in mayar da su kol rum, ya ce wadda ta riga ta nuna sanyi kwana kaɗan zai ƙara mata, ba ya mayar da ita baya. Sauran wani mai shanu ya zo da amalanke ya kwashe. Bashin Alhaji sai bayan babbar sallah na gama biya, kuma bai taɓa ce min ai na gaya maka ba, wannan shirun nasa ya fi min ciwo.

Yanzu kwali biyu nake ɗaukowa, in kasuwa ta buɗe uku, kuɗin ajiya da na mota kuwa ina biya ba na ko lissafawa. Na cikin kol rum ba na taɓa ledarsu, ita ke hana wuyan yamutsewa. In na fito da su suna yin gumi, sai in buɗe kwalin a inuwa iska ta busar da su, ba na goge su da tsumma da ƙarfi don ɓawon in ya gogu baƙi yake yi. Ayaba na wancan ƙarshen rumfa fiya na wannan ƙarshen. Wani maƙwabcina da ya ji labarina ya tsorata ya zuba tasa a firiza, ita ma ba haka ba, kusan digiri biyu ƙasa da sifili ƙanƙara ke kama ta, in ta narke naman ya zama ruwa ruwa, firij take so ba firiza ba. Ta ƙasar Sin kuwa, mai launin ɗorawa da ake sa wa ragar soso, ita da nunarta ake tsinko ta kuma da garas ɗinta ake ci kamar tuffa, kar ka ajiye kana jiran ta yi laushi, in ta yi laushi ta lalace ne.

Duk wanda ya sayi fiya a wurina yanzu sai na kama yatsansa na ɗora a wuyan na ce ka ji nan, in ya saki ka ci yau ko ka sa a firij, in da tauri ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan ka duba gobe, kar ka jira launi. Wasu har su ce Malam ai mun sani, in ce to a dai taɓa.

Hajiya ta ci gaba da aiko direbanta, azumin 2025 ma ni na haɗa mata kankana da lemo da abarba. Na sa mata fiya guda shida da na zaɓa da hannuna kyauta a cikin ledar, direban ya dawo min da su washegari ya ce Hajiya ta ce an gode, a bar ta a kankana.