Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Yadda na koma horar da ƴan mata

Makon jiya na tsaya a inda gwiwata ta dama ta ƙi warkewa, likita ya ce in haƙura da tamaula. Na haƙura da bugawa, amma ƙafata ta kasa daina zuwa fili. Sai na fara tara ƴan matan unguwarmu, nan Zengo, bayan la'asar, da ƙwallo ɗaya da duwatsu a madadin raga.

Koya wa yarinya tare ƙwallo da ƙirji abu ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin gidaje. Duk wanda ya san Damagaram ya san ƙarancin ruwanta, kuma ƴan mata ne ke bin layin famfo da jarka. Na shiga wani gida na durƙusa na gaishe da uwar wata yarinya mai gudu kamar barewa, na ce, "Inna, ki ara mini ɗiyarki zuwa magariba." Ba ta ko daina tankaɗe ba ta ce, "Ɗiyata, in ta tafi wa zai cika mini randa?" Gaskiyarta ce. Daga ranar muka riƙa ɗebo ruwan tare, dukanmu, kafin mu shiga fili.

Iyaye maza kuwa tufafi ne damuwarsu. Na ɗinka wa yaran dogon wando, kuma da masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka amince a 2014 mace ta buga da kai a rufe, na sami abin faɗa wa kowane Malam da ya tare ni a zaure.

A Disamban 2016 na tara su gaban tele muka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a Yawunde. Najeriya ta ci Kamaru 1-0. Na nuna musu matar da ke tsaye bakin fili tana ba da umarni, Florence Omagbemi. Ta ɗauki kofin nan sau 4 tana ƴar wasa, ga shi ta sake ɗauka tana mai horarwa. Wallahi sai da na yi hawaye. Ƙaramarsu ta ja mini zane ta ce, "Yaya, ke ma za ki kai mu Yamai?"

Mako mai zuwa zan ba ku labarin tafiyar, da yadda muka haɗa kuɗin mota.