Garin neman rama na samo ƙiba: ni da madara da cuku

Bayan ƙaramar salla, shekara uku da suka wuce, na hau sikeli a wani kemis da ke bakin layinmu, allura ta tsaya a kilo 97. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, kuma ya kai ga in na sunkuya wanke ƙafa wajen alwala sai na yi nishi. A daren nan na shiga YouTube neman mafita, na ci karo da Turawan da ke cewa sun yi sallama da duk abin da ya tsiro daga ƙasa. Ba shinkafa, ba burodi, ba ganye, ko 'ya'yan itace ba sa taɓawa. Nama kawai. Wanda ya fi yin suna a cikinsu Shawn Baker ne, wani likitan ƙashi ɗan Amurka da ya fitar da littafi a kan tsarin a 2019. Na ga mutum ya haura hamsin jikinsa a murɗe, na ce ai ni ma na samu hanya.

Ƙannena, ba zan tsaya yabon tsarin cin nama zalla ko kushe shi gaba ɗaya ba. Inda na fāɗi zan nuna muku, kuma a kan madara da 'ya'yanta na fāɗi.

Su kansu masu wannan tsari bakinsu bai zo ɗaya ba a kan madara. Akwai masu tsanani irin Mikhaila Peterson 'yar Kanada, wadda ta taƙaita abincinta ga naman dabbobi masu tuƙa irin shanu da tumaki, sai gishiri da ruwa, ko ƙwai babu balle cuku. Akwai kuma masu sassauci da ke cewa duk abin da ya fito daga jikin dabba ya shiga lissafi. Ban ɓata lokaci wajen zaɓe ba. Ni da aka raina da fura da nono, ai ɓangaren sassauci na bi, ba don hujjarsu ta fi ƙarfi ba, sai don ita ce ta yi daidai da kwaɗayina.

Sati biyun farko nama da ƙwai da ruwa na riƙe, kilo uku suka tafi. Na riƙa bugun ƙirji a majalisa. Daga baya na gane yawancin abin da ya zube ruwa ne, domin idan mutum ya yanke abinci mai sitaci, jiki yakan ƙone ajiyar sukarin da ke hanta da tsoka, ruwan da ke tare da ita kuma ya fita ta fitsari. A sati na uku nama ya gundure ni. Ko ƙamshin balangu na ji sai zuciyata ta tashi. A nan ne madara ta shigo ta ƙofar baya.

Na fara da teburin mai shayi. Kullum da safe in ce masa, "Kada ka sa sukari, amma ka ƙara madara." Shi kuwa ya kafa gwangwani ya tsiyaya ba ƙyashi. Ban taɓa juya gwangwanin na karanta ba. Madarar gwangwani mai kaurin nan mai danƙo, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Ta gari kuma, da yawa daga cikin masu araha da ake aunawa a kasuwa an cire musu man shanunsu na asali an maye shi da man kwakwar manja, to ina maganar "daga dabba ta fito"? Ko madarar saniya tsantsa tana ɗauke da nata sukarin, wanda ake kira laktos: kofi ɗaya mai cin mililita 250 yana da kamar giram 12, wato wajen ƙaramin cokali uku. Ni kuwa kofi uku nake sha a wuni, kusan sukarin da ke cikin kwalbar lemo guda, ina ta gaya wa mutane na bar sukari.

Sai cuku. Wani abokina direba mai zuwa Nijar ya kawo mini tsarabar busasshen cukun nan fale-fale na makiyaya, na ji daɗinsa ƙwarai. Da ya ƙare na koma babban kanti ina sayen na Turawa, Cheddar, da tsadarsa da komai. Gaskiya ne cukun da ya daɗe a ajiye, irin Cheddar da Parmesan, kusan babu laktos a cikinsa, domin yawancinsa yakan bi ruwan da ake tacewa, ragowar kuma ƙwayoyin da ke tsamar da madara su cinye. Wannan kaɗai na riƙe a matsayin hujja. Abin da ban lissafa ba shi ne giram 100 na Cheddar yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 400, kuma kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa mai ne. Giram ɗari ba wani abu ba ne a ido, bai cika tafin hannu ba. Ina zaune ina kallon ƙwallo zan yanka in jefa, in yanka in jefa, kafin a tafi hutun rabin lokaci ya ƙare. Nama yana gajiyar da muƙamuƙi har ka ce ya isa. Cuku narkewa yake a baki, ga gishiri ga maiƙo, babu lokacin da zai ce maka tsaya.

Man shanu ma haka. Soyayyen man shanu kusan mai ne zalla, kalorinsa ya doshi 900 a giram 100. Ni kuma kwarara shi nake a kan nama kamar romo. Wata rana mai ɗakina ta ɗaga kwalbar ta duba, ta ce, "Baban Ummi, wannan fa ta wata guda ce, yau kwana tara." Na ce mata ba ta san kimiyyar abin ba. Ta yi shiru ta mayar da kwalbar.

Cikina ne ya fara kai ƙara. Kumburi, ƙugi, iska, har ya zama a sallar jam'i hankalina rabi yana kan liman rabi yana kan riƙe alwala. Dalilin a fili yake: sinadarin da ke narkar da laktos a hanji yakan ragu bayan yaye, kuma kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya haka suke. Waɗanda suka fi riƙe shi har girma su ne al'ummomin da suka daɗe da kiwo, irin mutanen arewacin Turai da Fulani. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, sai na ɗauka na gaji cikinta. Ashe dai ban gada ba. Kindirmo bai cika damuna ba, don tsami yana rage laktos ɗin, amma madara mai ɗumi kofi ɗaya ta isa ta hana ni sukuni. Ranar da na fi cin cuku kuma sai abin ya juye: kwana uku ba bayan gida, domin babu ganye ko hatsi ko ɗaya a cikina da zai tura.

Akwai wani gangancin da nake jin kunyar faɗa. Wasu daga cikin masu bidiyon suna kambama ɗanyar madarar da ba a tafasa ba, har na sa aka riƙa kawo mini ita daga ruga ina sha haka nan. Allah ne ya tsare. Ta ɗanyar madara ake ɗaukar tarin fuka na shanu, da cutar burusela mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa tare da ciwon gaɓoɓi. Matan da ke yin kindirmo ma sai sun dafa madarar kafin su zuba mata iri. Ni da karatuna na tsallake abin da su suka sani tun suna 'yan mata.

Bayan wata huɗu na koma kan sikelin nan: kilo 98. Na je asibiti aka auna jini, likita ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malam, me kake ci haka?" Kitsen jini mai toshe jijiyoyi, wanda suke rubutawa LDL, ya hau sosai, awon hawan jini ma ya ɗaga. Da na zayyana masa, bai yi faɗa ba. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gishiri ya kai giram 5 a rana, kuma kada daskararren mai irin na kitse da man shanu ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci. Ni na ninka duka biyun ban sani ba. Na so in kawo masa labarin Vilhjalmur Stefansson, wani Bature mai binciken yankunan ƙanƙara na arewacin duniya, wanda ya yi shekara guda yana cin nama zalla daga 1928, sai na tuna su biyu ne kacal a gwajin, kuma likitocin asibitin Bellevue na New York ne ke bibiyarsu suna aunawa. Ni kuwa mai shayi ne ke bibiyata.

Kada ku ɗauka cewa nake madara abar gudu ce. Ga mai cin nama zalla ma tana toshe wata ɓaraka ta gaske. Tsokar nama ba ta da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi sai ɗan kaɗan, alhali babban mutum yana buƙatar kamar miligiram 1,000 a rana. Kofin madara yana ba da wajen 300, yankan Cheddar mai giram 30 kuma wajen 200. Wanda ya yanke ganye da wake, ya zo ya yanke madara, sai ya nemi kifin gwangwani mai ƙaya ko wata hanya, in ba haka ba ƙashinsa ne zai biya bashin.

In ɗayanku ya nace sai ya gwada, to ya auna jininsa tun kafin ya fara, ya sake aunawa bayan wata biyu ko uku. Ya ajiye duk dangin madara na sati uku, sannan ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya, man shanu tukuna, sai busasshen cuku, sai kindirmo, madara a ƙarshe, yana lura da abin da cikinsa zai ce. Cuku kuma a yanka abin da za a ci a mayar da sauran firji kafin a zauna. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada su kusanci tsarin nan sai da izinin likita.

Ni dai na bar shi a wata na biyar. Na koma tuwo malmala ɗaya da miyar ganye mai yawa, nama daidai misali, kindirmo ba sukari sau biyu ko uku a sati. Kilo 89 nake yanzu, a hankali ya sauka cikin shekara biyu. Kwalbar man shanu kuwa tana ɗakin mai ɗakina, ita ke zubawa.